Gyaran tsofaffin hotunan Kawu: abin da wani shago a Kaduna ya iya da abin da ya gagare shi

Ruwan da aka yi a tsakiyar daminar bara ya sami wata kafa a rufin ɗakin ajiya na gidan Kawuna, ya riƙa ɗiga a kan wani akwatin ƙarfe har tsawon makonni ba tare da kowa ya lura ba. A cikin akwatin nan ne yake ajiye hotuna da takardun shaida na shekara 35 da ya yi yana aiki a rundunar mayaƙan sama ta Nijeriya, tun daga ranar da ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA yana ɗan saurayi har zuwa ranar da ya ajiye kaki yana da muƙamin Iya Komodo. Da aka buɗe akwatin, sai aka tarar wasu hotunan sun manne da juna, wasu sun yi fumfuna, wasu kuma launinsu ya koma ja kamar an jiƙa su da ruwan goro. Kawu bai ce komai ba a ranar, ya mayar da murfin ya rufe, amma mai ɗakinsa ta kira ni da daddare ta ce in san yadda zan yi. Abin da ya kai ni wani shagon gyaran hotuna da ke wani layi kusa da titin Ahmadu Bello ke nan, kuma abin da na gani a wata biyu da muka yi muna hulɗa da su nake so in bayyana, saboda na san gidajen tsofaffin sojoji da ke da irin wannan akwati a Kaduna suna da yawa.

Shagon ba shi da girma. Akwai teburin karɓar aiki a gaba, da kwamfuta biyu, da na'urar ɗaukar hoton takarda, da injin bugawa, sai wani ɗaki a ciki inda ake yanka gilashi ana harhaɗa firam. Mai shagon dattijo ne wanda ya fara sana'ar tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, sai yara biyu da suke zama a gaban kwamfuta. Tun a ranar farko ya burge ni, domin da na ɗauko wata damƙar hotuna da suka manne na fara ƙoƙarin ɓanɓare su don in nuna masa, sai ya riƙe mini hannu ya ce in bari. Ya bayyana mini cewa fuskar hoto wani siririn lulluɓi ne da yake yin laushi idan ya jiƙe, ya kuma kama bayan na kusa da shi idan ya bushe, don haka duk wanda ya ja da ƙarfi fuskar mutum zai cire ya bar ta a jikin wata takardar. Shi jiƙa su yake sake yi a ruwa mai tsabta, ya bar su su saki da kansu, sannan ya shanya kowanne a inuwa. Cikin hotuna 46 da suka manne, ya raba 41 lafiya, biyar kuma ya gaya mini tun kafin ya taɓa su cewa sun riga sun tafi, kuma haka aka yi.

Shi ne kuma ya fahimtar da ni dalilin da ya sa hotunan Kawu na farkon aiki, waɗanda ba su da launi, suka fi na baya ƙarko. Hoton baƙi da fari da sinadarin azurfa ake fitar da shi, yana jure shekaru, shi kuwa mai launi rini ne kala uku, kuma ba tare suke kwaɗewa ba, shi ya sa idan shuɗin ya gudu sai hoton ya rinjaya zuwa ja. Ya kuma yi faɗa sosai a kan takardun shaida biyu da wani ya taɓa liƙe wa leda da zafi, ya ce wannan ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garin nan ita ce ta fi ruwa ɓarna, domin ba a iya cire ledar sai da rubutun. A ɓangaren sanin takarda da tawada da haske, ban ga abin kushewa a wurin mutumin nan ba.

Mun yi yarjejeniya a kan aiki uku: a ɗauki dukan hotunan a zuba a kwamfuta, a gyara waɗanda suka lalace a haɗa su cikin kundi guda bisa tsarin shekaru da ɗan bayani a ƙasan kowanne, sannan a yi manyan firam guda huɗu na falo. Kuɗin da ya yanka ya kusa ninka abin da wani shago a cikin kasuwa ya nema, amma wancan ya ce zai gama a kwana uku, shi kuwa ya ce mako uku, kuma na fi yarda da mai mako uku. Na biya rabi, ya ba ni rasit da jerin adadin abin da na kawo, wanda shi ma abin yabo ne. Sai dai mako ukun ya zama shida, kuma duk lokacin da na kira, uzurin wutar lantarki da tsadar man janareto ake ba ni. Uzurin gaskiya ne, amma wanda ya shekara da shekaru yana sana'a a Kaduna ya kamata ya sa shi cikin lissafi tun kafin ya yi alkawari.

Matsalar da ta fi jinkirin girma ta bayyana ne ranar da aka nuna mini samfurin kundin a kwamfuta. Yaron da aka ba aikin tsara hotunan yana da hannu mai kyau, amma bai san yadda ake karanta rayuwar hafsan sama ba, kuma bai tambaya ba. Kallon fuska ya yi ya kimanta shekaru, alhali kuwa mutum mai motsa jiki kullum ba ya sauya kama sosai tsakanin shekara talatin da arba'in. Da ya san abin da ke kafaɗa, da aikin ya zo masa da sauƙi, domin kowane hoto na mai kaki yana ɗauke da shekarunsa a jikinsa. Hafsan sama yana farawa da siririn layi guda a matsayin Failot Ofisa, layin ya ƙara kauri idan ya zama Fulayin Ofisa, ya zama biyu a Filait Laftanar, a sa siriri a tsakanin biyun a Sikwadiran Lida, sannan uku a Wing Kwamanda, huɗu a Guruf Kyaftin, har a kai ga faffaɗan layi guda na Iya Komodo. Yaron ya ga layi guda faffaɗa ya ɗauka farkon aiki ne, sai ya sa hoton Kawu na dab da ritaya kusa da na ranar da aka yaye su. Ba na zarginsa da rashin sanin wannan tun asali, domin ni ma a gidan Kawu na koya, amma shagon da ke garin da NDA da kwalejin hafsoshi ta Jaji da sansanin mayaƙan sama suke kewaye da shi, wanda kuma mai shi ya gaya mini da bakinsa cewa iyalan sojoji suna cikin manyan masu kawo masa aiki, ya kamata a ce akwai takardar jerin muƙamai a manne a bangonsa.

Haka aka yi da jiragen da ke bayan hotunan. Kawu ya fara koyon tuƙi ne a nan Kaduna a kan wani ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya ƙirar Birtaniya da ake kira Bulldog, daga nan aka tura shi Kano inda ake koyon tuƙin jirgi mai injin jet, sannan ya wuce Kainji ya hau Alpha Jet, jirgin da Faransa da Jamus suka haɗu suka ƙera, wanda Nijeriya ta fara karɓa a farkon shekarun 1980. Bayan shekaru masu yawa ya dawo Kaduna a matsayin malamin tuƙi, lokacin da makarantar ta koma amfani da Air Beetle, ɗan ƙaramin jirgin nan da aka riƙa harhaɗawa a nan garin a shekarun 1990. Yaron ya ga ƙananan jirage biyu, ya haɗa su a shafi guda a farkon kundin, a tunaninsa ƙaramin jirgi na ɗan koyo ne. Da Kawu ya gani sai ya yi dariya ya ce an mayar da malami ɗalibi, an kuma shafe masa shekara fiye da goma a shafi ɗaya.

Abin da bai ba shi dariya ba shi ne launin da aka sa wa wasu hotunan. Ban nemi a sa wa hoton baƙi da fari launi ba, amma yaron, da nufin kyautatawa, ya bi da guda shida ta cikin wata manhaja da take yin hakan da kanta. Manhajar ba ta san rundunar sama da ta ƙasa ba, ta ga kaki ta shafa masa kore. Kayan mayaƙan sama shuɗi ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin masu shi. Rundunar da aka kafa a 1964 da taimakon Jamusawa ta daɗe tana ƙarƙashin inuwar sojan ƙasa, har shugabanninta na farko muƙaman sojan ƙasa suke amsawa, irin su Kanar da Birgediya, sai a zamanin John Yisa-Doko, wanda ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1980, ta koma amfani da nata sunayen muƙamai. Kawu ya shiga aiki ne a ƙarshen wannan zamani, lokacin da abin yake sabo kuma ake alfahari da shi. Ya dubi hoton ya ce wa yaron cikin natsuwa, "Ɗana, wannan da ka sa wa koren kaya ban san shi ba." Manhajar ta kuma goge masa wani tabo da ke gefen girarsa, ta daidaita masa hanci, ta mayar da ƙyallayen lambobin yabo da ke ƙirjinsa wani dunƙulen launi da ba ya nufin komai, alhali kowane ƙyalle a jerin nan yana da abin da yake faɗa, ko na daɗewa a aiki ko na wani fagen daga. Shawarata ga duk mai kai irin wannan aiki ita ce ya faɗa da babbar murya, ya kuma sa a rubuta a rasit, cewa ba ya son a sa launi, ba ya son a gyara fuska.

A nan ya kamata in yi adalci, domin irin wannan ƙwarewa da kwamfuta ita ce ta ceto hotunan da suka fi daraja a wurin iyalin. Kawu yana cikin matuƙan da aka tura aikin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma da ta shiga Laberiya a 1990, daga baya kuma ta yi aiki a Saliyo. Hotunan wannan lokaci masu launi ne, an wanke su a gurguje a kan takarda mai araha, su ne kuma suka fi yin ja. Akwai guda da aka ɗauka a filin jirgin Lungi, Kawu yana tsaye da kayan tuƙi tare da makanikan jirginsa, wanda kafin gyara da ƙyar ake rarrabe mutum da inuwarsa. Yaron ya zauna a kansa ya dawo da launin a hankali, bai ƙara komai ba, bai rage komai ba, har aka iya gane fuskar kowa. Kawu ya daɗe yana kallonsa, yana kiran sunayen makanikan ɗaya bayan ɗaya, ya ce mutane matuƙi suke gani, amma ran matuƙi a hannun waɗannan yake, domin su ne suke kwana a ƙarƙashin jirgi. Wannan hoto kaɗai ya biya kuɗin da muka kashe. Sun kuma ɗauki kowane hoto da ƙarfin ɗigo 600 a kowane inci kamar yadda na nema, suka ba ni asalin abin da aka ɗauka daban da wanda aka gyara daban, kuma wannan tsari ne ya ba mu damar komawa baya a duk inda aka yi kuskure.

Kuskure mafi nauyi a kan firam ya faru. Ɗaya daga cikin huɗun da Kawu ya zaɓa hoton 'yan ajinsu ne na NDA, tsohuwar harabar da ke cikin gari ba ta Afaka ba, doguwar takarda mai sahu uku. Hoton ya fi firam ɗin da suke da shi tsawo, sai mai haɗawa ya datse gefe da gefe na wanda aka buga don ya shiga, mutum biyu suka fita ta dama, ɗaya ta hagu. A ganinsa tun da mai hoton yana tsakiya, ba a yi asarar komai ba. Biyu daga cikin ukun da aka datse suna cikin hafsoshin da suka rasu a jirgin C-130 da ya faɗi a Ejigbo, jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, ranar 26 ga Satumba 1992, wanda ya hallaka mutum fiye da 150, akasarinsu masu matsakaicin muƙami da ke halartar kwas a kwalejin Jaji. Tsaran Kawu ne wannan hatsari ya fi yi wa ɓarna, domin a lokacin ne suke matakin Manjo da Sikwadiran Lida, matakin da ake zuwa babban kwas ɗin Jaji. Saboda waɗannan mutum biyu ya zaɓi hoton, ba saboda kansa ba. Da aka kawo firam ɗin gida ya duba dama ya duba hagu, sai ya jingina shi da bango fuskarsa a ciki, ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari na koma shagon da firam ɗin. Mai shagon bai yi musu ba, bai kuma ɗora wa yaronsa laifi a gabana ba. Da na gaya masa ko su wane ne aka datse, sai ya yi salati, ya ce ya tuna da wannan hatsari sarai, domin a makon Kaduna ta cika da zaman makoki. Ya ce zai sake aikin da kuɗinsa, ya yanka sabon katako daidai da tsawon hoton, sannan ya roƙi in kai shi ya ba Kawu haƙuri da kansa. Ranar Asabar muka je, ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi kuskure, a gafarce mu." Kawu ya ce ya wuce, ya sa aka kawo masa ruwa, suka zauna suka yi hira ta fiye da awa guda a kan tsohuwar Kaduna. Sa'ar da aka yi ita ce abin da aka buga aka datse, asalin hoton yana nan ba a taɓa shi ba, kuma ƙa'idar shagon ce ba sa sa asali a firam.

Rubutun da ke ƙasan hotuna shi ma sai da muka bi shi layi-layi. Haruffan da ake jerawa bayan sunan babban hafsa suna da ƙa'ida: na lambobin girma da manyan baƙaƙe ake rubuta su, na kwasa-kwasai kuwa da ƙanana, kamar psc ga wanda ya gama babban kwas na Jaji, kwalejin da aka buɗe a 1976, da fwc ga wanda ya halarci Kwalejin Yaƙi ta Ƙasa da aka kafa a 1992, wadda aka sauya wa suna zuwa Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a 2007. Yaron ya mayar da su duka manyan baƙaƙe, ya kuma sauya fwc zuwa fdc saboda ya gani haka a intanet, bai san cewa harafin yana nuna zamanin da mutum ya yi kwas ɗin ba. A ƙarshe dabarar da ta yi aiki ita ce wadda ya kamata mu fara da ita: na zauna da Kawu yamma biyu, muka sa wa kowane hoto lamba da fensir a bayansa, na rubuta bayanin kowanne a takarda, na kai musu na ce kada a sauya ko da ɗigo. Daga nan ba a sake samun matsala ba.

Kundin da muka karɓa a ƙarshe yana da kyau ƙwarai. Takardar mai kauri ce marar ƙyalli, ɗinkin yana buɗuwa sosai ba tare da ya karye ba, baƙin ya fita baƙi, shuɗin kakin kuma shuɗi ne na gaskiya. Firam ɗin katako ne mai nauyi, an sa kwali tsakanin hoto da gilashi don kada su manne idan an shiga damina, an kuma rufe bayan da kyau saboda ƙura da ƙwari. Abin da ban so ba shi ne igiyar ratayewa, wadda ta yi siriri ga nauyin firam ɗin, har sai da na sa kafinta ya sauya ta. Wurin ajiye mota a layin babu shi, gara mutum ya je da safe kafin ƙarfe goma ko ya hau Keke, kuma ranar Juma'a suna rufewa tun kafin azahar.

Wanda yake da tsofaffin hotuna da ruwa ko gara ko zafi ya taɓa, zan tura shi wannan shago ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya ninka lokacin da aka yi masa alkawari, ya tsara hotunansa da kansa, ya rubuta bayaninsu da hannunsa, kuma ya ga samfurin kowane firam kafin a yanka. Wanda kuwa yake so ya zube akwati ya tafi ya dawo ya tarar da tarihin mahaifinsa a jere daidai, ba zai samu haka a nan ba. Akwai sauran aiki guda da ban kai musu ba tukuna, wato littattafai uku da Kawu ya riƙa rubuta kowane tashi da ya yi a cikinsu, da ranar, da irin jirgin, da awannin da ya yi a sama, waɗanda ruwan ya taɓa gefensu tawadar ta fara yaɗuwa. Mai shagon ya ce zai iya ɗaukar su shafi-shafi ba tare da ya kwance ɗinkin ba. Kawu ya yarda, amma ya ce littattafan ba za su kwana a waje ba, da kansa zai kai su ya zauna a kan benci har a gama, kuma mun sa ranar Talata mai zuwa.